Tarbar da Ta Kori Jakada

Duk lokacin da kuka taru a gidan nan da Sallah, sai ɗayanku ya tayar da zancen ranar da garinmu ya kori Jakada, ku yi ta dariya har da riƙe ciki. Ba na hana ku, ni ma nakan dara. Amma na lura labarin yana ƙara gajarta a bakinku kowace shekara: bindiga ta tashi, mota ta juya, shi ke nan. Kun zubar da mutanen da ke cikinsa, kun kuma zubar da abin da ya jawo wa kakanku Malam. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi tun idona yana gani, don ni ce na tsaya a tsakiyar maganar ina juya ta daga Hausa zuwa Turanci, in sake juyo ta.

Dole in fara da yayarku Kulu. Ku kun taso kun same ta tana tafiya da sanda, har kuna tsoron sandar, sai kuka ɗauka haka aka haife ta. Tana ƙarama ƙwarai shan inna ta kama ta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, da ya sauka sai ƙafafu suka saki. Da ta yi ta zama a ƙasa, gwiwoyin suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, ta koma rarrafe da silifa a hannu. Ina koyarwa a firamare lokacin, kullum ina tsaye gaban 'ya'yan mutane suna tsalle-tsalle, tawa tana gida tana jan jiki. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na ji haushin yaran nan ba su yi mini komai ba. Karatun allo kawai take samu, shi ma don mahaifina limamin unguwa ne, zaurensa makaranta ce. Sai in goya ta in kai, in sauke ta a bakin tabarma, ta ƙarasa ciki da hannu.

Bayan an ba mu jiharmu ta Zamfara, Hakiminmu ya je wani taro a Gusau, ya ji labarin wata ƙungiya ta ƙasashen waje da ke aiko ma'aikatan sa kai. Mutane ne masu sana'arsu a gida, sukan bar ta su zo su zauna a ƙauye na 'yan shekaru, ba a ba su komai sai na abinci. Ƙaura Namoda suka nemi malamin makaranta, Zurmi suka nemi mai gyaran rijiyoyi. Namu Hakimin ya ce shi mai sanin ƙafafun guragu yake so, don ya gaji da ganin yara suna rarrafe a ƙofar fadarsa ranar Juma'a. Wasu hakimai sun yi masa dariya. Shi ne ya ba da ɗaki a bayan asibitin sha-ka-tafi, ya sa aka shafe shi da farar ƙasa, ya sa aka gina makewayi.

Ranar Alhamis ma'aikaciyar da aka turo mana ta iso, ranar kasuwar Shinkafi, a gaban wata a-kori-kura da ke warin albasa. Baturiya ce doguwa, ta manyanta, rana ta mayar da fuskarta ja. Sunanta ya fi ƙarfin harshenmu, sai aka sa mata Lami, ta karɓa. Ta koyi ɗaura zani amma ba ta taɓa ƙwarewa ba, kullum gefe ɗaya yana sharar ƙasa. Da yake ni ce mace mai Turanci a kusa, Hakimi ya ce in riƙa taimaka mata bayan an tashi makaranta. A nan na ga aikin da ban taɓa gani ba. Takan murza gwiwar yaro ta ja ta a hankali, sannan ta naɗe ƙafar da filasta irin ta masu karaya. Bayan wani lokaci ta yanke, ta ƙara miƙe gwiwar kaɗan, ta sake naɗewa. Haka ake yi wata da watanni har ƙafa ta miƙe, sannan maƙeri ya lanƙwasa rodi gwargwadon ƙafar, baduku ya yi maɗauran fata, yaro ya tsaya a ciki ya dogara da sanduna. Ta gaya mini tun farko cewa aikin ba ya son a bar shi a tsakiya, in aka bari gwiwa takan koma inda ta fito. Ta fara da yaran da nasu bai yi tsanani ba, sai daga baya ta zo kan Kulu.

Kulu tana cikin filasta aka ƙaddamar da Shari'a. Mun yi murna, kada wani ya gaya muku wani abu dabam. Babanku ya cika motarsa ta haya da mutane ya kai su Gusau kyauta, ya dawo murya ta dishe saboda kabbara. Lami kuwa ba abin da ya canja mata, dama da mayafinta take yawo. Da aka ware wa mata motocinsu ma cewa ta yi ta huta da matsi. Amma abin da ake faɗa a kanmu a can ƙasashensu dabam ne, ga kuma tashin hankalin da aka yi a wasu garuruwa masu nisa da mu. Wata rana da la'asar ta shigo gidana ta zauna a tabarma ba ta ko cire takalmi ba, ta ce ofishinsu ya ce duk su haɗa kaya. Na kalli ƙafafun Kulu, farare fat, an kai rabin hanya. Abu ɗaya ya rage, in ji ta: Jakadan ƙasarsu ya ce ba zai yarda a kwashe kowa ba sai ya zo ya gani da idonsa. Zai fara da Ƙaura, ya zo wurinmu, ya ƙare da Zurmi.

Hakimi ya tara manyan gari. Ba na cikin taron, amma Malam ya dawo ya ba mu labari. Hakimi ya ce:

"Mutumen ga tsoro yaz zo da shi. To mu nuna mishi ɗiyarsu tana cikin masoyanta. Kowa shi hito tarba, kada a bar ko tsohuwa cikin ɗaki."

Kun san yadda muke. A wurinmu girman tarba shi ne girman ƙauna. Wanda aka tara wa mutum goma an daraja shi, wanda aka fitar wa gari duka kuwa an gama masa komai. Sai dai shekarar ta zo da nata. Da a da ne, makaɗa ne a gaba, da kalangu da algaita da maroƙa, ko kurma ya hango ya san biki ake yi. To a shekarar an ajiye kiɗa, makaɗa sun rataye gangunansu, wasu sun koma noma. Da aka cire kiɗa daga tarba, abin da ya rage shi ne bindigogin maharba da kabbara. Duk cikinmu, da malamai da 'yan boko, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yadda wannan zai kasance a idon baƙon da ya kwana yana jin labarinmu a rediyo.

Ranar muka fita tun da hantsi, muka cika hanya daga gangaren rafi har bakin gari. 'Yan Islamiyya sun yi layi, samari sun hau bishiyoyi, maharba sun jeru da bindigoginsu na toka. Babanku ya ajiye motarsa a gefe ya ɗora Kulu a kan bonet don ta gani. Can sai ga motoci biyu farare, ta gaba da 'yar tuta. Sarkin maharba ya ɗaga hannu. Bindigogi suka tashi gaba ɗaya, hayaƙi ya rufe hanya, gari ya ɗauki kabbara, samari suka ruga a guje don su rako motar kamar yadda aka saba, kowa ya dunƙule hannu sama yana jinjina. Motar gaba ta ci burki. Ta ja da baya, ta juya cikin gonar wani, ta bayan ta bi ta. Samarin nan kuwa suka ƙara gudu suna ɗaga hannu, wai a zatonsu direba ne ya ɓata hanya.

Wannan wurin ne kuke dariya. Mu ba mu yi ba. Hayaƙi ya washe, hanya ba kowa, gari ya yi tsit. Lami ta rufe fuska da mayafi. Na ji Kulu daga kan mota tana cewa:

"Inna, mi munka yi mishi?"

Na sauko da ita daga kan motar.

Fadawa suka kewaye Hakimi, suka ce a tura manzo ya bi shi. A al'ada hakimi ba ya bin baƙo, baƙo ne ke iske shi zaune. Ina kusa da su saboda Lami, na ji abin da ya ce, kuma tun ranar nake ganin girman mutumin nan, Allah Ya ji ƙansa.

"Manzo ya hirgita shi? Mu munka hirgita shi, mu ka zuwa ba shi haƙuri. Ku sallami mutane."

Ya cire alkyabba ya miƙa wa dogari, ya ce kada wanda ya biyo shi. Ya dubi babanku ya ce ya tayar da mota. Haka muka kama hanyar Ƙaura a motar haya mai kujerun da suka yage: Hakimi a gaba, Malam a bayansa da carbinsa, ni da Lami a baya, ƙafafun Kulu a miƙe a kan cinyoyinmu. Muka shiga Ƙaura, muka wuce kasuwa, muka ga motocin nan biyu a gidan saukar baƙi na gwamnati.

Mai tsaron Jakada ya hana mu shiga. Lami ta shiga ita kaɗai, jim kaɗan sai ga shi ya fito da kansa. Ni na zaci zan ga wani ƙato. Ashe dattijo ne gajere mai farin gashi, rigarsa ta jiƙe da gumi. Aka shimfiɗa mana kujeru a baranda. Hakimi ya yi bayani ina fassarawa, ya faɗi zancen kiɗan da aka ajiye, ya ce bindigar nan ba harsashi a ciki, kuma ba a harba ta sai ga wanda ake so. Jakada ya fara dariya har ya cire tabarau. Hakimi ya so ya sauƙaƙa masa, ya ce ai laifin direba ne. Jakada ya girgiza kai ya ce:

"Kada a ɗora wa direba. Ni ne na ce masa ya ƙara wuta."

Daga nan na san mutumin kirki ne. Amma da ya mayar da tabarau sai ya koma Jakada. Ya ce ya yarda na yau ƙauna ce. Sai dai an gaya masa akwai masu gunaguni a kan wadda ba Musulma ba tana taɓa 'ya'yan Musulmi, kuma gaskiya ne akwai su, ko da ba su da yawa. Ya ce mace ce ita kaɗai a ɗaki bayan asibiti, iyayenta suna can, shi za su tambaya. Hakimi ya ce zai sa dogari a ƙofarta dare da rana. Jakada ya ce in har sai an sa mai tsaro, to an riga an gaya masa akwai abin tsoro. Na fassara wannan ina ganin maganar tana zamewa daga hannunmu.

Sai a lokacin Malam ya gyara zama, ya dube ni.

"Balki, gaya mishi ta dawo gidana. Akwai ɗakin tsohuwata, ba kowa ciki. Gidan ƙohwa guda gare shi, zaure, kuma ni ka zama nan tun asuba har isha'i. Mai son ganinta sai ya ƙetare ni."

Hakimi ya juyo da sauri.

"Allah gafarta Malam, ka san abin da za a ce?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

Jakada ya tambaya ko ya fahimci cewa ba addininsu ɗaya ba. Malam ya ce:

"Shari'ar ga da kuke jin tsoro, ita ta ɗora min tsaron wanda ya shigo hannuna. In wani abu ya taɓa ta, Allah zai tambaye ni kahin kai ka tambaye ni."

Na fassara iyakar iyawata, amma na san Turancina bai ɗauko nauyinta duka ba. Jakada ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi ya zo inda Kulu take, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa, ya ce in tambaye ta me za ta fara yi in an cire. Kulu mai kunya, ta sunkuyar da kai ta ce:

"In shiga zauren Malam tsaye."

Ya miƙe ya ce wa mai tsaronsa motocinsu su biyo mu a baya, shi zai shiga tamu. Babanku har ya rasu yana ba da labarin ya ɗauki Jakada a kujerar da kaji suka saba zama. Muka iso gari ba kowa a hanya, kunya ta kori mutane cikin gida. Jakada ya shiga maƙera ya ga ana lanƙwasa rodi, ya ga yaran da suka riga suka tsaya, ya cire takalmi ya shiga zauren Malam ya sha fura. Da zai tafi ya roƙi a kira maharba su sake harbawa, wai yana so ya ji ta wannan karon ya san tasa ce. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya toshe kunnuwa da yatsu, aka harba. Bayan ya je Zurmi ya koma, saƙo ya zo cewa ma'aikatan sa kai duka ukun su zauna. Daga baya ma shi ya tsaya aka ƙaro wasu, aka kuma aiko wa maƙerinmu kayan aiki.

Yanzu ga wurin da ba ku sani ba, don kakanku ya hana a yi zancensa. Lami ta tare a ɗakin tsohuwa, innata ta karɓe ta kamar 'yar da ta dawo daga nesa. Ba a yi mako ba magana ta zaga gari, wai Liman ya ajiye kafira a gidansa a shekarar Shari'a. A lokacin an riga an kai sunansa cikin waɗanda za a naɗa a majalisar malamai ta ƙaramar hukuma, abin da ya cancanta fiye da kowa a yankin. Da aka fito da sunaye ba nasa. Wannan bai dame shi ba sosai. Abin da ya ci shi shi ne manyan ɗalibai, magidanta da suka yi shekaru suna ɗaukar littafi a gabansa, suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wani zaure. Wasu suka daina bin sa salla. Bai taɓa ambatar sunan ko ɗaya da mugun abu ba. Amma kowace safiya sai ya shimfiɗa tabarmin nan duka, kamar yadda ya saba lokacin da zaure ke cika, da azahar ya naɗe su ba wanda ya taka. Na sha tsayawa a bayan ƙofa ina kallonsa ina kuka. Na taɓa ce masa saboda 'yata aka yi masa haka, ya ce in daina wannan magana, yaran gari duka ne.

Hakimi ya ji labarin tabarmin. Bai kira kowa ya yi faɗa ba. Sai dai wata safiya aka gan shi ya zo da littafi a hammata, ba dogari, ya cire takalmi ya zauna a ɗaya daga cikin tabarmin nan ya ce ya zo ɗaukar karatu. Ya riƙa zuwa haka har ƙarshen rayuwarsa. Ganin haka wasu suka dawo suna sosa ƙeya, wasu ba su taɓa dawowa ba. Zauren bai sake cika kamar da ba, kuma Malam ya rasu ba a naɗa shi komai ba.

Sai bayan damina aka cire wa Kulu filasta ta ƙarshe. Ƙafafun sirara kamar kara, amma a miƙe. Aka ɗaura mata ƙarafan, Lami ta yi makonni tana koya mata a tsakar gida, ta faɗi ta tashi, hammatarta ta yi kanta saboda sanduna. Ta hana a gaya wa Malam yadda ake ciki, shi ma ya yi kamar ba ya jin ƙarar ƙarfe a bayan bangonsa. Wata safiya ta ce ta shirya. Ta ce ba ta ƙofar cikin gida za ta shiga ba, ta ƙofar waje take so, inda ɗalibai ke shigowa. Na goya ta tun daga gidana, na sauke ta a bakin zaure, ni da Lami muka ja baya.

Malam yana biya wa Hakimi karatu. Kulu ta yi sallama, ta ɗaga sanda ta ƙetare dokin ƙofa, ƙarfen yana ƙara. Ta bi ta kan tabarmin da ba kowa, a hankali, har ta zo gabansa. Nan ta tsaya ta rikice. Duk wanda ya zo gaban Malam durƙusawa yake yi ya gaishe shi, ita kuwa ƙarfen ya kulle gwiwa, ba ya lanƙwasuwa. Ta duba ƙasa, ta dube ni, idonta ya cika da hawaye.

"Malam, ba ni iya durƙusawa."

Ya rufe littafin. A rayuwata ban taɓa ganin ya miƙe wa wanda ya shigo zaurensa ba, ko Jakada a zaune ya karɓe shi. Ranar ya dafa bango ya miƙe, ya tsaya yana dubanta tun daga ƙafa har kai.

"Kin daɗe ƙasa, Kulu," ya ce. "Ya isa. Tsaya nan in dube ki."